Maigida Ya Je Gaida Banki

Maigidana mutum ne mai gaisuwa. Ba irin gaisuwar nan ta "sannu" a wuce nake nufi ba. Zai tsaya ya tambaye ka kwanan iyali, da gajiya, da labarin gida, har da ƙafar da ka ce masa tana ciwo bara. A unguwarmu ta Nasim masallaci na nan bayan layinmu, amma shi tun da sauran lokaci yake fita, domin akwai mai baƙalar da muke sayen kayan cefane, akwai mai wanki da guga, akwai ɗan Sudan mai gyaran taya, kuma a ganinsa kowannensu yana da haƙƙi a kansa. Haka na aure shi na same shi. Ban taɓa zaton wannan halin zai kai mu gaban teburin ma'aikacin banki ba.

Tsaron sito yake yi a wani kamfanin kayan gini. Ya daɗe a Riyad shi kaɗai kafin ya ɗauko ni da yara, kuma ɗauko mu ɗin bai yiwu ba sai da ya ci bashin banki, saboda kuɗin jirgi da na iƙama, wato katin izinin zama, da na haya sun haɗu masa lokaci guda. A ranar da ya karɓi bashin ne suka haɗa masa da katin bashi. Ya dawo gida yana juya shi a hannu, yana cewa mutanen nan sun san darajar mutum.

Akwai kuma wani alkawari da ya girmi bashin. Tun shekarar da ya zo ƙasar nan ya gaya wa Inna, mahaifiyarsa, cewa duk ranar da Allah ya kawo ta Umra, shi da kansa zai tuƙa ta daga Riyad har Makka, a motarsa. Inna ba ta riƙe wannan magana a cikinta ba. Babu gidan da ba ta kai ta ba a ƙauyensu na ƙasar Katsina, har matan da ke zuwa taya ta surfe sun san cewa a gaba za ta zauna. Duk wayar da za su yi sai ta tambaya, "Motar tana nan dai ko?" Shi kuma ya ce tana nan, Inna.

Motar kuwa tana nan, ba ƙarya ya yi ba. Sai dai tsohuwa ce da ya saya hannun wani Bamisire da zai koma gida. Esinta sai ta ga dama take hurawa, ƙofar baya kuma daga waje kaɗai take buɗuwa. Tana kai yara makaranta ta dawo, amma ko shi da yake kare ta a gaban kowa bai taɓa cewa za ta ratsa sahara har Makka ba. Shirinsa shi ne in takardun Inna sun fito, ya ɗauki sabuwa ta hanyar banki, ya riƙa biya wata-wata.

Ana nan sai aikin kamfaninsu ya tsaya, albashi ya fara wasan ɓuya. Wata ya mutu shiru, wani ya bi shi, in an tuna da su a ba su wani abu su rage zafi. Duk abin da ya shigo hannun Maigida sai ya zauna ya raba shi yadda aka koya masa a gida. Mai baƙala ne farko, don yana da 'ya'ya. Sai mai gidan haya, don tsoho ne. Sai abokinsa da ya ranta masa, don kada zumunci ya ɓaci. In na ce, "Bankin fa?" sai ya ce, "Uwargida, kin taɓa jin banki ya kwana da yunwa?"

Kada a ɗauka ya yi watsi da bankin ne. Ko kusa. Mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ya tashe shi a kan cewa idan ana bin ka kuɗi ba ka da su, abin da ya fi muni shi ne ka ɓace. Ka je ka gai da mai kuɗin, ka zauna ya gan ka, ka tashi. Ba sai ka ce komai ba. Zuwan naka ya gaya masa kana sane, ba ka gudu ba, kuma za ka biya. Da wannan mahaifinsa ya yi kasuwanci har ya koma ga Allah, ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya.

Saboda haka duk ranar Alhamis, da yake ana tashinsu da wuri, sai Maigida ya yi wanka, ya sa kaftaninsa mai guga, ya fesa turare, ya kama hanyar Malaz inda reshen bankin yake. Ya gai da mai gadi. Ya ciri lamba ya zauna cikin masu jira. In an kira lambarsa ya je gaban kanta ya yi sallama, ya tambayi ma'aikacin lafiyarsa da ta iyayensa. In aka ce me za a yi masa, sai ya ce babu komai, gaisuwa ce kawai ta kawo shi. Ya ɗaga wa manaja hannu ta gilashi, ya fito zuciyarsa wasai.

Wata rana dabino ya kai musu. Dabino, a ƙasar dabino! Suka ce aikinsu bai yarda su karɓi kyauta ba, ya bar wa mai gadi. Wannan bai dame ni ba. Ranar da raina ya ɓaci ita ce ranar da na nemi kilishin da yayata ta aiko mini daga gida na rasa, ashe shi ma ya tafi Malaz. Na ce masa in dai kilishina ne zai biya bashin nan, to a kawo mini rasit.

Saƙonni kuwa suna ta shigowa wayarsa, ana tuna masa ranar biya ta wuce. Ni nake karanta su, shi ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ce maganar bashi a saƙon waya rashin tarbiyya ne, kuma na'ura ce ke turowa, ba mutanen ba. "Mutanen sun san ni," in ji shi. "Ko jiya manaja ya yi mini murmushi."

Daga baya albashi ya dawo daidai. Ya biya abin da ya taru gwargwadon ƙarfinsa, amma ramin ya riga ya yi zurfi. Bashi na ja ta nan, kati na ja ta can, wani watan a biya a kan lokaci, wani watan a makara. A cikin haka takardun ziyarar Inna suka fito.

Tare muka je wurin sayar da motoci. Ya zaɓi wata fara, ya shiga ya zauna, bai ma fara duba sitiyari ba sai da ya miƙa hannu ya tura kujerar gefe baya, yana auna inda gwiwoyin Inna za su sake. Mai sayarwa ya karɓi iƙamarsa ya shiga ciki. Da ya fito, fara'arsa ta ragu. Ya ce banki ba zai ba da motar ba, makin Maigida ya yi ƙasa.

"Wane maki?" in ji Maigida. "Jarrabawa na zauna?"

Mutumin ya yi masa bayani a hankali. Akwai ofishin da ke ajiye tarihin bashin kowa a ƙasar. Duk wata bankuna na aika masa labarin wanda ya biya a ranarsa da wanda ya makara, daga nan ake fitar wa mutum maki, kuma makin ne kowane banki ke dubawa kafin ya ba da ko allura. Maigida ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Shi wanda ya ba ni makin, ya san ni?" Mutumin ya ce ba mutum ba ne. Ya ƙara da cewa a bankinmu akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan, ba masu bashi shawara, ya kamata mu gan shi.

Da muka dawo unguwa mai baƙala na zaune a ƙofar shagonsa. Maigida ya ɗaga masa hannu kawai ya shige gida. A nan na san abin ya taɓa shi ƙwarai, kuma duk tsiyar da na tanada a hanya sai na haɗiye ta. Tausayinsa ya kama ni. Mutum ne da bai mallaki gida ko gona ba, sunansa kaɗai yake taƙama da shi, ga shi an ce an auna sunan a wani ofishi an ga bai cika ba.

Da farko ya ƙi zuwa wurin mai shawarar. Ya ce da zarar ya zauna a gabansa za a rubuta cewa ya gaza, makin ya ƙara faɗuwa. Na yi magana har na gaji. Da ya ga ranar zuwan Inna na matsowa sai ya yarda, amma ya ce in za a yi abu a yi shi yadda ya kamata: ba a zuwa ban haƙuri ba tare da babba ba. Ya je ya ɗauko Baba, wani dattijo ɗan Damagaram da ya tsufa a Riyad, wanda duk rigimar da ta tashi tsakanin mutanenmu a gabansa ake kashe ta. Na ce ni ma ƙafata ƙafarsu, tunda ni na karanta saƙonnin.

Mai shawarar saurayi ne Balarabe, mai sanyin magana. Ya sa aka kawo mana gahawa. Kafin ya buɗe baki Baba ya gyara zaman babbar rigarsa ya fara jawabi, da Larabcin kasuwa yana yi yana cike giɓi da Hausa.

"Ya ustaz, haza rajjal miya-miya, mutum ne ɗari bisa ɗari. Ɗan mutunci ne, wallahi. Ubansa tajir ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Mafi mushkila, babu rigima tsakaninsa da mutane. Ni na tsaya masa. A yi haƙuri a gyara masa makin nan, don girman Allah."

Ya kawo kakan Maigida, ya kawo sallarsa a sahun farko, har azumin Litinin da Alhamis bai bari ba. Saurayin bai katse shi ba. Da Baba ya sauke numfashi, sai ya dubi Maigida ya yi murmushi.

"Ya ammi, kawuna, ai ba sai an gabatar mini da shi ba," ya ce wa Baba da Larabci. "Duk reshen nan mun san shi. Mai sallamar Alhamis muke ce masa. Wasu sun ce sanyin esi yake zuwa sha, wasu sun ce wani yake jira." Ya juya ga Maigida. "Duk zuwan nan da kake yi, me ya hana ka gaya mana albashinka ya tsaya? Da ka faɗa tun lokacin, ka kawo shaida daga kamfani, da mun duba yadda za a sassauta maka kafin a fara rubuta maka makara."

Maigida ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Ai kun ga fuskata," in ji shi.

Na sunkuyar da kai ina kallon kofin gahawa, don in na haɗa ido da saurayin dariya za ta ƙwace mini. Shi ma na ga yana ta gyara alƙalamin da ba abin da ya same shi. Ya ce ya yarda da duk abin da Baba ya faɗa, amma shi ba shi da ikon taɓa makin, manaja ma ba shi da shi. Ranar biya kaɗai ake aikawa can, ba a aika gaisuwa.

Sannan ya shiga bayani. Ya ce zaman da muke yi da shi ba ya rage wa kowa maki, shawara ce kawai, ba a kai rahotonta ko'ina. Maigida ya saki ajiyar zuciya. Ya ce abin da yake ba mu shawara shi ne jadawala: a haɗe bashin da na katin wuri ɗaya, a ja lokacin biya ya yi tsawo, abin da za a riƙa cira duk wata ya ragu yadda albashi zai iya ɗauka. Amma bai ɓoye mana ɗacinta ba. Za a rufe katin. Tarihin zai nuna an sake tsara bashin, kuma duk bankin da ya duba zai gani. Makin na iya ƙara sauka da farko. Jimlar abin da za a biya ma za ta iya ɗara ta da, tunda lokacin ya ƙaru. Sai an jera watanni ana biya a ranar da aka sa, ba fashi, sannan makin zai fara hawa, kuma a hankali yake hawa.

"Motar fa?" in ji Maigida. "Mahaifiyata na tafe."

Saurayin ya girgiza kai. Ya ce ko da jadawala ko babu, ba ya ganin za a ba shi mota a bana. Bambancin kawai, da ita akwai ranar da za a ba shi.

Baba ya matso ya rage murya, ya koma Hausa zalla. Ya ce yana da wani ɗan ƙanensa da makinsa ke da kyau, a ɗauki motar da sunansa, Maigida ya riƙa ba shi kuɗin. Sai na ga idon Maigida ya yi haske. Ya shiga murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "A'a, Baba. In albashi ya sake tsayawa, sunan yaron mutane ne zai faɗi, kuma shi ko gaisuwar bai iya ba." Ya jawo takardar jadawalar ya sa hannu. Da saurayin ya ɗauko almakashi ya raba katin biyu, Maigida ya kawar da kai kamar ana yanka ragon da ya yi kiwo.

Makin kuwa ya sauka, kamar yadda aka faɗa. An nuna masa yadda zai duba shi a waya, sai ya mayar da abin aikin safe. Da ya idar da azkar zai ɗauko waya ya ƙura mata ido, ni kuma in leƙo daga kicin in ce, "Ya mai jiki?" Ya ce da sauƙi, ko da babu sauƙin. An tsara yadda banki zai cire nasa ranar da albashi ya shiga, kafin Maigida ya fara tausayin kowa. Sai bayan Inna ta zo ta koma makin ya fara motsi, kuma har yau da nake rubutun nan tsohuwar motar ce a ƙofar gida. Zuwa Malaz dai bai daina gaba ɗaya ba. Ya ce mai gadin nan ba ruwansa da maki.

Abin da ya gagare shi shi ne gaya wa Inna. Duk wayar da suka yi sai ya ɗauko zancen ya kewaye shi ya ajiye. Har ta sauka a filin jirgi bai faɗa ba. Ta shiga tsohuwar motar tana shafa kujera tana sa albarka, ta ce, "Ita ce wannan?" Ya ce ita ce ta cikin gari. Sai da ta ci abinci ta huta, ya je ya durƙusa a gabanta ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa. Ya ce a bas za mu tafi.

Na zaci za ta ce ba komai. Ba ta ce ba. Ta kalli tafin hannunta, sannan ta ce, "Na riga na gaya wa mutane." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta miƙe ta ɗauki buta. Ban taɓa ganin Maigida ya ƙanƙance kamar ranar ba, kuma na ji haushin bankin, da kamfanin, da shi kansa, har da mahaifinsa da ban taɓa gani ba.

Ranar tafiya Makka, da hantsi bas ɗin ya tashi. Inna ta zauna jikin taga, Maigida a gefenta, ni da yara a bayansu. Har muka fita gari ba ta ce uffan ba. Da gine-gine suka ƙare, fili ya buɗe, ta hango raƙuma sai ta taɓa hannunsa ta tambaya ko suna da masu su. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu, da rijiyar da ta ƙafe, da gonar da aka raba. Ta ɓare masa lemo tana miƙa masa ɓari-ɓari, yana karɓa da hannu biyu, mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu. Tun yana yaro rabon da ya zauna kusa da ita haka, ba ya sauri zuwa ko'ina, ba ya kallon hanya. Bayan azahar maganarta ta fara ja, kanta ya gangaro ya sauka a kafaɗarsa.

Bai motsa ba. Bas ya tsaya a wani gidan mai, mutane suka sauka shan shayi, har da wasu 'yan Maraɗi da ya gano tun a tasha yake ɗokin tambayarsu mutanen gida. Suka wuce ta gefensa ya bi su da ido kawai. Na leƙa na ce ko in sa mata filo ya miƙe hannunsa, don na ga yatsunsa sun sandare. Ya girgiza mini kai a hankali, yadda ba za ta ji ba.

Sai da muka kusa miƙati, inda ake ɗaura harami, direba ya yi sanarwa, sannan Inna ta farka. Ta gyara mayafinta, ta dubi duwatsun da suka maye gurbin yashi, ta dubi kafaɗar da ta kwana a kai. Ta kama hannun nasa da ya mutu tana murza masa.

"Sannu da hanya, direba," in ji ta. "Ko gargada ban ji ba. In na koma zan ce musu kai ka kawo ni."

 Maigida ya juya fuskarsa wajen hanyar da mutane ke wucewa, yana ta gyara hular da ke zaune daidai. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai aka gaishe shi bai amsa ba.